Neman dukiyar da aka binne yana kashe ginin halayen jarumai ne? Amsa daga zango na biyu na Prison Break

Ƙanena, tambayarka ita ce kana rubuta fim mai dogon zango na 'yan fashi da 'yan sanda, kana son saka labarin wata dukiya da aka binne da kowa zai bazama nema, sai abokinka ya ce kar ka soma, wai irin wannan ne ya lalata zango na biyu na Prison Break, mutanen da aka sha wahalar ginawa a gidan yari suka koma 'yan tseren kuɗi kawai. Kana son sanin ko gaskiya ya faɗa, kuma in za ka saka ɗin ya za ka yi. Toh ni aikina kenan, rubutun fim da gyaran rubutun wasu, kuma wannan zangon na zauna na warware shi kashi kashi saboda yana daga cikin abin da nake ba masu koyo su kalla. Wanda bai kalla ba ya sani zan faɗi ƙarshen abubuwa da yawa.

Abokinka bai yi gaskiya ba a kan ɓangaren haƙar kuɗin a jihar Utah, amma yana da gaskiya a kan abin da ya biyo baya, bari in bi da kai a hankali.

Ka fara tuna matsalar da marubutan suka shiga. Fim ɗin ya fara a tashar Fox a watan Agustan 2005, Paul Scheuring ne ya ƙirƙiro shi, kuma zango na farko gaba ɗayansa katanga ce ke riƙe da shi. Michael Scofield, jarumin da ya shiga kurkukun Fox River da gangan don ya fitar da yayansa Lincoln, ba ya son T-Bag, C-Note ba ya son T-Bag, Abruzzi da T-Bag kuwa har jini ya shiga tsakaninsu, amma dole su zauna ɗaki ɗaya suna haƙa rami ɗaya saboda ba inda za su je. Ranar da suka tsallake katangar Fox River su takwas, wannan dolen ta ƙare, kuma duk mai hankali a cikinsu abin da zai yi shi ne ya kama gabansa kar ya sake ganin sauran har abada. Ka ga in aka bar su haka, labari ɗaya ya tarwatse ya zama labarai takwas, kuma mu masu kallo ba don mu ga C-Note shi kaɗai a cikin jirgin ƙasa muka zauna ba, mun zauna ne don mu ga shi da T-Bag suna hararar juna da shebur a hannu. Dala miliyan 5 da Charles Westmoreland, wani tsohon fursuna, ya binne su suka maye gurbin katangar. Su ne dalilin da ya sa mutum shida daga cikin takwas suka sake haɗuwa a gareji ɗaya a garin Tooele na jihar Utah, suna haƙa rami kamar yadda suka yi a gidan yari, sai dai wannan karon ba gandiroba a kansu, ba wanda ya tilasta su, kowa da ƙafarsa ya kawo kansa, kuma nan ne hali ke fita, don abin da mutum ya yi a kulle ana iya cewa dole ce ta sa shi.

Abu na farko da suka yi daidai shi ne ba a zango na biyu aka ƙirƙiro kuɗin ba. Tun farkon fim ɗin ake raɗe-raɗin Westmoreland, tsohon nan mai kyanwa, shi ne D.B. Cooper, yana musawa, Michael na matsa masa, sai da labarin 'yarsa Anna ya zo cewa ciwon daji na neman kashe ta kuma ba za a bar shi ya je ya gan ta ba sannan ya yarda ya shiga shirin guduwa. Kuma D.B. Cooper ɗin ba ƙirƙira ba ne, mutum ne da ya yi fashin jirgin sama na kamfanin Northwest Orient ranar 24 ga Nuwamba 1971 tsakanin Portland da Seattle, ya karɓi dala 200,000 da laimar sauka guda 4, ya yi tsalle daga jirgin cikin dare, har yau ba a gano ko wanene ba, FBI ma a 2016 suka ce sun dakatar da binciken. Duk Ba'amurke ya san labarin, saboda haka marubutan ba su ɓata lokaci wajen shawo kan mai kallo cewa akwai dukiyar ba, sun ɗauko abin da mutane suka riga suka yi shekaru suna muhawara a kai suka ƙara masa yawa ya koma miliyan 5. Sannan dubi yadda sirrin ya fita: tsohon yana kwance a ɗakin shan magani jini na zuba, ya san ba zai iya bin wayar da za su bi ya tsallake katangar ba, ya gaya wa Michael cewa kuɗin na ƙarƙashin wani rumbu a gonar Double K, kuma wasu daga cikin masu guduwar suna tsaye suna ji. Tun daga nan kuɗin suka zo da nauyi, wasiyya ce ta mai mutuwa da ke tunanin 'yarsa, ba jaka ce kawai da aka tsinta a hanya ba. In dukiyar da ke fim ɗinka ba ta da mai ita, ba ta da wanda ya mutu a kanta ko ya yi shekaru yana ɓoyonta, mai kallo ba zai ji komai ba ranar da aka buɗe.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ka riƙe. A cikin mutum shidan nan babu wanda kuɗin ne burinsa na ƙarshe, kowa akwai abin da yake so ya saya da su, kuma abin nan ya bambanta. Michael yana son ya fitar da yayansa Lincoln daga ƙasar su kai Panama. C-Note tsohon soja ne da aka kora daga aiki, ya yi wa matarsa Kacee ƙaryar yana Iraƙi alhali yana kurkuku, yana son abin da zai ɗauki matarsa da 'yarsa Dede su ɓace. Sucre budurwarsa Maricruz yake so kafin ɗan uwansa Hector ya aure ta. Tweener yaro ne ɗan sane da aka ba shekara 5 saboda satar katin ɗan wasan ƙwallo da bai san darajarsa ba, shi so yake kawai wani ya ɗauke shi mutum. T-Bag kuma, wanda kowa zai ɗauka shi ne mai kwaɗayin kuɗi zalla, so yake ya koma wajen Susan Hollander, matar da ta kira masa 'yan sanda bayan ta gan shi a talabijin, ya zauna a matsayin maigida a teburin cin abinci da ita da yaranta. Da zarar ka raba buƙatun haka, kuɗin sun zama abin gwaji, saboda za ka iya kawo lokacin da mutum zai zaɓa tsakanin kuɗin da abin da yake neman kuɗin dominsa. Kamar ranar rabon gado ne, gida ɗaya aka tashi, an san juna shekara da shekaru, amma sai an baje dukiyar a tabarma kake sanin wane ne wane.

Dubi Lincoln. Suna tsakiyar haƙa, sun kusa kaiwa, sai ya ji a labarai an saki ɗansa LJ a Arizona, ya ajiye shebur ya ɗauki mota ya tafi, Michael na gaya masa tarko ne bai tsaya ba. Ba a ba shi dogon jawabi a kan son ɗa ba, miliyan 5 ce a ƙarƙashin ƙafarsa ya juya mata baya, shikenan mun gane shi. In babu kuɗin a wajen, tafiyarsa neman LJ ba ta nuna komai, kowane uba zai tafi. Kuɗin ne suka sa wa tafiyar farashi.

Na Tweener ya fi taɓa ni, kuma shi ne hujjata mafi ƙarfi a kan abokinka. Wannan yaron a zango na farko shi ne ɗan leƙen asirin Bellick shugaban gandirobobi, ana ba shi abinci yana kai rahoton su Michael, har ya tona inda ramin yake. An gina shi a matsayin wanda in aka matsa shi zai sayar da kowa. A Utah aka aike shi sayo mai, Mahone jami'in FBI ya kama shi, ya zaunar da shi ya yi masa tayin sauƙi in ya nuna gidan da sauran suke. Duk mun san abin da zai yi don mun gan shi ya yi a baya, kuma aka nuna mana motocin jami'ai suna tafiya, aka nuna mana su Michael a gareji, gabanmu na faɗuwa, sai ya kai su ƙofar gidan Debra Jean, yarinyar da ta rage masa hanya zuwa Utah, ya gaya mata sunansa na gaskiya da abin da ke ransa. Bayan nan Mahone ya fitar da shi daga mota a gefen hanya ya harbe shi. A kashi ɗaya, na 7, an gama labarin Tweener da canji na gaske, an kuma buɗe mana wane ne Mahone, wanda kafin nan muna ɗaukarsa jami'i mai kaifin ƙwaƙwalwa ne kawai. Wannan shi ake kira ginin hali, a sa mutum a irin yanayin da ya taɓa faɗuwa a ciki, a ƙara tsananta shi, sannan ya zaɓi wani abu daban kuma ya biya farashinsa. Kuma ba zai yiwu ba in babu wani wuri ɗaya da sauran suka taru wanda zai iya tonawa.

A nan akwai bambancin da masu fara rubutu ke yawan ruɗewa a kai. Ba kowane jarumi ne dole ya canza ba. Wani canzawa yake, wani kuma buɗe shi ake yi, wato yana nan yadda yake amma kullum ana ƙara nuna maka zurfinsa. T-Bag na biyun ne. Duba abin da ya yi da taswirar: shafin da Tweener ya yago daga littafin filaye na ofishin gunduma ya faɗo hannunsa, ya haddace shi ya cinye takardar, ya mai da kansa taswirar, yanzu ba a isa a kashe shi ko a yar da shi ba. Wannan daidai yake da abin da ya yi a daren guduwa da ya ɗaure hannunsa da na Michael da ankwa ya haɗiye makullin, har sai da Abruzzi ya sare hannun da gatari. Daga baya a Kansas da Bellick da abokin aikinsa Geary suka ritsa shi, makullin akwatin ajiyar da ya sa kuɗin ma haɗiye shi ya yi. Sau uku abu ɗaya, kuma ba ƙarewar dabara ba ce ta marubuta, halin mutumin kenan, ya san ba wanda zai riƙe shi don ƙauna saboda haka kullum yana neman hanyar da zai zama dole a riƙe shi. Robert Knepper da ya fito a matsayin T-Bag ya fahimci wannan sosai a wasansa. Sai kuma aka ba T-Bag kuɗin, shi ya yi nasara, Sucre ya zaro bindiga ya ƙwace jakar bisa shirin da suka ƙulla da Michael don a hana T-Bag, suka je daji suka buɗe suka tarar da mujallu, T-Bag ya riga ya musanya jakar. Wannan shawarar ta ba mugu dukiyar tun kashi na 8 ita ce mafi kyau a zangon, saboda tambayar ta tashi daga wa zai samu ta koma me zai yi da su. Ya bi Susan har ya same ta, ya tsare ta da yaranta, ya kai su tsohon gidan da ya tashi a Alabama inda aka nuna mana irin azabar da ubansa ya gana masa yana yaro, ya ce mata a nan za su fara sabuwar rayuwa, ta gaya masa ba za ta iya son shi ba. Yana da miliyoyi a jaka da gatari a hannu, ya sake su ya tafi yana kuka. Bai zama mutumin kirki ba, kisa ya ci gaba da yi bayan nan, kuma fim ɗin bai nemi mu yafe masa ba, amma mun ga iyakar abin da kuɗin za su iya yi masa, kuma da bai same su ba da zai ci gaba da tunanin rashinsu ne ya hana shi.

Bellick kuma kuɗin ne suka ja shi ƙasa mataki mataki. Shugaban gandirobobi ne mai taƙama, aka kore shi daga aiki saboda guduwar, muka gan shi a gidan mahaifiyarsa inda yake zaune, ya ɗauko bindiga yana shirin kashe kansa sai ya ji an sa tukuici a kan fursunonin. Ya fara da farautar tukuici, ya ji labarin miliyan 5 ya koma farautarsu, ya azabtar da T-Bag shi da Geary, Geary ya buge Bellick ya gudu da jakar, T-Bag ya bi Geary otal ya kashe shi ya ɗora wa Bellick, sai ga Bellick a Fox River sanye da kayan fursuna a cikin mutanen da ya gallaza wa. Ƙarshen zangon yana kwance a ƙasa a kurkukun Sona na Panama an yi masa duka an tuɓe shi. Mutane suna yawan yabon mutuwarsa a zango na huɗu, inda ya shiga bututun ruwa ya sadaukar da ransa don sauran su wuce, amma wannan mutuwar ba za ta karɓu ba in ba a bi da shi ta wannan doguwar faɗuwar ba, sai da aka raba shi da kaki da muƙami da mutunci tukuna.

Michael shi ma akwai abin da Utah ta yi masa wanda ba a cika lura da shi ba. A zango na farko mutum ne da komai nasa ke zane a jikinsa, kusan ba ya kuskure. A Tooele ya isa ya tarar gonar babu ita, an yanka ta filaye an gina unguwa, shirin da ya dogara da wuri ya tarar wurin ya canza, daga nan sai ƙarya ake yi wa matar gida Jeanette cewa su ma'aikatan lantarki ne, sai 'yarta 'yar sanda ta dawo, sai ga mata biyu a ɗaure a kujera a gidansu saboda shi. Mutumin da ya shiga kurkuku don ceton wanda aka zalunta yanzu shi ne ke tsaye a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma mugun da ya fito da shi ya tafi da miliyoyi yana kashe mutane a hanya. Shi ya sa daga baya aka nuna shi a coci yana faɗin laifinsa, shi ya sa kuma a Panama, ga jirgin ruwa ga yayansa ga hanya a buɗe, ya bar su ya koma neman T-Bag. Wannan komawar ce ta kai shi Sona.

Wani abu da nake jin daɗinsa a rubutun, Mahone ma yana da abin da ya binne, gawar Oscar Shales, mai laifin da ya kashe ya rufe a bayan gidansa, abin da ke sa shi shan ƙwaya daga cikin biro. Masu laifi suna haƙa a gareji don su fito da abu, jami'in da ke binsu yana fargabar kar a haƙa nasa, kuma Michael ya gano. Ba a taɓa tsayawa an yi mana bayanin wannan kamancen ba, an bar shi kawai yana aiki.

Mutum biyun da ba su je Utah ba ma sun taimaka. Abruzzi fansa yake nema a kan Fibonacci da ya ba da shaida a kansa, a nan Mahone ya ɗana masa tarko ya mutu tun kashi na 4, Haywire kuma hoton ƙasar Holan ya gani a bango ya ce can zai je. Kar ka sa kowa da kowa a fim ɗinka ya bi kuɗin, ka bar wanda bai damu da su ba.

Toh inda abokinka ke da gaskiya. Bayan Alabama kuɗin sun gama aikinsu, babu sauran wanda za su gwada, amma aka ci gaba da jan jakar zuwa Meziko zuwa Panama, ta ɓace a filin jirgi, ta dawo, ana haɗa mutane a ƙasar waje ta hanyar dace da dace har ya yi yawa. A wannan ɓangaren jakar ce ke yawo mutane na binta, ba mutanen ke yanke shawara ba, kuma da ka ji labari ya koma haka toh ya fara mutuwa. Har a Utah ɗin ma akwai abubuwan da sai an kau da kai, mutumin da likitan dabbobi ya ɗinke masa hannu yana yawo kamar ba komai, da kowa ya iso gari ɗaya kusan rana ɗaya daga jihohi daban daban. Ga kuma nauyi, takardar dala kowacce wajen giram 1 ce, miliyan 5 in 'yan dala 100 ne kilo 50 kenan, in kuma 'yan dala 20 ne irin waɗanda aka ba Cooper na gaskiya kilo 250 ne, ba abin da mai hannu ɗaya zai saɓa a kafaɗa ya yi gudu ba. Kuɗin Cooper na gaskiya da wani yaro ya tsinta a bakin kogin Columbia a 1980, wajen dala 5,800, duk sun ruɓe sun zagwanye bayan shekara 8 da 'yan watanni kawai. Mai kallo yana yafe irin wannan in yana tare da mutanen, in kuma mutanen sun daina ba shi sha'awa sai ya fara lissafa kilo.

Babban misalin abin da abokinka ke tsoro yana zango na huɗu, wato Scylla. Nan ma farautar dukiya ce, katuna 6 a hannun mutum 6, a bi ɗaya bayan ɗaya a kwafe. Amma kusan dukkan jaruman dalili ɗaya ya kawo su, an ce in sun samo za a yafe musu, saboda haka ba wanda Scylla ke nufin wani abu na kansa a wajensa, kuma abin da Scylla ɗin take ma ya yi ta canzawa, da farko an ce kundin sirrin ƙungiyar asirin da ke farautarsu ne daga baya aka ce fasahar makamashi ce. Kowa ya san me miliyan 5 za ta yi wa matar C-Note, amma ba wanda ya san me Scylla za ta yi wa Sucre. Tsarin labari iri ɗaya ne, fim ɗaya, 'yan wasa ɗaya, na farko ya gina mutane na biyu ya mai da su ma'aikata.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ko a bari su samu dukiyar ko kar su samu, ni shawarata su same ta da wuri, kafin tsakiyar zango, kuma ta faɗa hannun wanda bai cancanta ba. Ka lura haƙar Utah gaba ɗaya daga kashi na 5 zuwa na 8 ne a cikin kashi 22, ba a ja ta ba. Mu a finafinanmu na YouTube matsalar da nake yawan gani ita ce a ɓoye abu ɗaya a yi ta jan shi zango bayan zango saboda kar masu kallo su watse, alhali abin da ke riƙe mutane shi ne abin da ke faruwa bayan an buɗe jakar. A ƙarshen zangon Bill Kim, jami'in ƙungiyar, ya sa ƙafa ya ture jakar cikin ruwa, kuma a lokacin ba abin da ke gabanmu sai ko Michael da Lincoln da Sara masoyiyar Michael za su tsira, wannan ya nuna maka marubutan sun riga sun kwashe duk amfanin kuɗin sun zuba a jikin mutanen. Kafin ka rubuta fitowa ko ɗaya, ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane jarumi, a gabansa abin da zai saya da kasonsa, sannan abin da zai sa ya ajiye shebur ya tafi, in mutum biyu suka zo da amsa iri ɗaya ka haɗe su su zama mutum ɗaya ko ka cire ɗaya.

Sai abu guda da ya shafe ka kai da kake rubuta labarin a nan gida. Kuɗin Westmoreland sun yi aiki bayan sama da shekara 30 ne saboda Amurka ba ta soke tsohuwar dala, ta 1971 har gobe kuɗi ce. Naira ba haka take ba, a 1973 aka bar fam aka koma naira, a watan Afrilun 1984 aka canza launin takardun kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki, kuma har zuwa 1991 da aka fito da naira 50 babbar takarda ita ce naira 20 mai hoton Murtala. In ka ce wani ɗan fashi ya binne buhun naira a shekarun 1980 jaruman ka suna kashe juna a kai yau, duk wani dattijo da ke kallo zai san takardun banza suke haƙowa. Ko dai ka mai da ita zinare ko dala ko takardun fili, ko kuma ka bar ta nairar ka sa mutum ɗaya a cikinsu ya san ba ta da amfani tun farko amma ya yi shiru saboda akwai wani abu daban da yake nema a cikin ramin.